Waiwaye: Yadda Kunne Ya Shiga Aikin Gano Mutum

A 1879 wani matashi mai suna Alphonse Bertillon ya samu aikin akawu a hedikwatar 'yan sandan birnin Paris. A lokacin, ɓarawon da aka sake kamawa sai ya canza suna, a yi masa hukuncin sabon shiga. Bertillon ya kawo shawarar a riƙa auna jikin duk wanda aka kama: tsayinsa, girman kansa, tsawon ƙafar hagu da yatsu, har da kunnen dama. A 1883 tsarin ya tona asirin wani tsohon mai laifi, daga nan ya bazu zuwa Turai da Amurka. A wurin Bertillon, kunne alama ce ta rarrabe wannan da wancan, tsayi kuma yana da nasa gurbin daban a katin.

Zanen yatsa ne ya ture wannan tsari, musamman bayan 'yan sandan Landan sun karɓe shi a 1901. Amma ba a manta da kunne ba. Alfred Iannarelli na Amurka ya nazarci dubban kunnuwa, ya ce bai ga biyu da suka zo ɗaya ba. Kotu dai ta ɗanɗana kuɗarta: a Ingila an ɗaure wani mutum a 1998 bisa sawun kunne da aka gani a gilashin taga, daga baya gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi.

Lissafin tsayin mamaci kuwa daga ƙashi ya taso. Masanin lissafi ɗan Ingila Karl Pearson ya fitar da ƙa'idarsa a 1899, sannan a 1952 Mildred Trotter da Goldine Gleser suka gyara lissafin da ƙasusuwan sojojin Amurka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙashin cinya ne ya fi faɗin gaskiya, domin shi kansa wani yanki ne na tsayin mutum.

To, idan kan mutum kaɗai aka tsinta bayan fashewar bam ko haɗarin jirgi fa? Wannan tambaya ce ta sa masana sassan jiki a Indiya da Najeriya, har da na Jami'ar Bayero ta Kano, suka koma auna kunnuwan rayayyu suna gwadawa da tsayinsu. Akwai alaƙa, amma mai rauni ce. Kunne guringuntsi ne, yana ruɓewa da wuri. Yana kuma ƙara tsawo da shekaru: wani likitan Ingila, James Heathcote, ya ƙiyasta kusan milimita 0.22 a shekara a 1995, alhali tsoho raguwa yake yi a tsaye. Ga kuma 'yan kunne masu nauyi da ke jan fatar ƙasa, abin da kowa ya sani a jikin iyayenmu mata. Lissafin da aka yi da ɗaliban Kano ma ba lallai ya dace da mutanen Delhi ba. A ganina, mai bincike ya ɗauki awon kunne a matsayin abin rage yawan waɗanda ake zato, ya bar yanke hukunci ga ƙashi, haƙori da ƙwayoyin halitta.