Yadda Bos Ya Shigo Tsakar Gida

A gidajen Hausawa na Share Mansur da ke Makka, musamman cikin azumi bayan an sauko daga tarawihi, akan taru a gaban talabijin a kalli musalsal, wato wasan kwaikwayo mai dogon zango, kuma gardama kan tashi duk lokacin da labarin ya zama na kisa ko fashi. Tsofaffi sun saba da bos wanda daga murtukewar fuskarsa ake gane shi, amma abin da ake nuna wa yara yanzu shi ne mai laifi da ke da uwa da 'ya'ya da bashi a wuyansa, har mai kallo ya ji yana tausaya masa.

Wannan sauyi ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. A Amurka, ƙa'idar Hays da kamfanonin fim suka amince da ita a 1930, suka kuma tsaurara ta daga 1934 zuwa 1968, ta hana karkatar da tausayin 'yan kallo zuwa ga laifi, shi ya sa ɗan fashi kan ƙare a kurkuku ko a kabari.

Misra ce ta fi nuna matakan sauyin a fili, domin labari ɗaya ta riƙa maimaitawa. Raya da Sakina 'yan'uwa ne mata da suka haɗa baki da mazajensu a Iskandariyya suka kashe mata 17 saboda awarwaron zinare, suna binne su a ƙarƙashin daɓen ɗaki, aka rataye su a 1921. Fim ɗin da Salah Abu Saif ya yi a kansu a 1953 ya fi bin sawun jami'in da ke farautarsu, amma musalsal ɗin 2005 ya koma baya ya tsaya a kan yunwar da ta koro su daga kudancin ƙasar da yadda zukatansu suka bushe sannu a hankali. A ganina nan ne labarin ya fi ban tsoro, domin wadda ke shaƙe maƙwabciyarta ita ce ta zuba mata shayi ɗazu. A 1999 kuma Amurka ta fito da Tony Soprano, shugaban 'yan daba da ke zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa yana kai kukan mahaifiyarsa.

Saudiyya ta shigo a makare. Sai a 2018 aka sake buɗe gidajen sinima bayan kimanin shekara 35, sannan a 2021 manhajar Shahid ta nuna Rashash, labarin wani ɗan fashi na gaske da ya addabi jama'a a shekarun 1980, abin da danginsa suka fito suka nuna rashin amincewa da shi.

Ina goyon bayan a tono dalilin da ya sa mutum ya lalace, tunda ba a haifi kowa da wuƙa a hannu ba. Abin da ke damuna shi ne ana ba makashi sa'o'i yana bayyana ciwonsa, wanda ya kashe kuwa ko sunansa ba a kamawa. Wani dare a gidanmu muna kallon irin wannan musalsal, ƙanena ya ce wa kakarmu game da mai laifin, "Hajiya, ai talauci ne ya jefa shi." Ta ajiye carbinta a kan darduma ta ce, "To, ɗan nan, shi direban da ya harbe, wa zai je ya gaya wa uwarsa?"