Raba bayanan halittu: Darwin Core da GBIF

Bayanan halittu rikodi ne na cewa an ga wata halitta, tsiro ko tsuntsu ko kifi ko ƙwaro, a wuri kaza, rana kaza, kuma wane ne ya gan ta ko ya ɗauko samfurinta. Tun kafin kwamfuta ake tara irin wannan rikodin a gidajen tarihi na halittu da ɗakunan ajiye busassun tsirrai, amma kowa da yadda yake rubuta nashi, wani ya sa sunan kimiyya wani ya sa sunan da mutanen wurin ke kira, wani ya fara kwanan wata da rana wani da wata, wani kuma sunan ƙauye kawai ya rubuta ba tare da lambobin taswira ba. To mai bincike da ke son sanin inda wani nau'in kwaɗo yake a duniya sai ya bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, kuma ko ya samu ba lallai su haɗu ba.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne Darwin Core, ƙa'ida ce da TDWG, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bayanan halittu, ta amince da ita a 2009. Jerin sunayen ginshiƙan teburin bayanai ne da aka yarda kowa ya yi amfani da su: scientificName don sunan kimiyya, eventDate don rana, decimalLatitude da decimalLongitude don wuri, recordedBy don wanda ya gani. Akwai kuma basisOfRecord, wanda ke nuna ko samfur ne da ke ajiye a kwalba ko kuwa mutum ne ya gani da ido, kuma wannan ginshiƙin yana da muhimmanci sosai, don samfur ana iya komawa a sake dubawa, abin da aka gani da ido kuwa in ba hoto shi ke nan sai dai a yarda da mai gani.

Babbar ma'ajiyar da ke tattara waɗannan bayanan a intanet ita ce GBIF, gwamnatoci ne suka kafa ta a 2001, sakatariyarta tana Kofanhegan a Denmak. Ba ita ke fita daji ba, jami'o'i da gidajen tarihi da ƙungiyoyi ne ke wallafa bayanansu ta hanyarta, da yawansu da wata manhajar wallafa bayanai da ake kira IPT, kuma yanzu rikodin da ke ciki sun haura biliyan 2, kowa na iya saukewa kyauta. Na teku kuma akwai OBIS da ke ƙarƙashin hukumar teku ta UNESCO. Duk bayanan da aka saka a GBIF dole su ɗauki lasisin Creative Commons, wato izinin da ke faɗin sharuɗɗan sake amfani da su, CC0 ko CC BY ko CC BY-NC, sannan duk abin da ka sauke ana ba shi lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin, ta yadda in ka yi rubutu da shi za ka ambaci masu shi. Wannan kam gyara ne mai kyau, don tsoron da ke hana masu bincike sakin bayanansu shi ne kar wani ya kwashe wahalar shekarunsu ba ko ambato. A 2016 aka wallafa ƙa'idojin FAIR, masu cewa bayani ya zama ana iya gano shi, a kai gare shi, ya haɗu da na wasu, a kuma sake amfani da shi.

Sai dai yawa ba inganci ba ne. Fiye da rabin rikodin GBIF na tsuntsaye ne, galibi daga eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke saka abin da suka gani, wanda Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka fara a 2002, ƙwari kuwa da su ne suka fi yawa a doron ƙasa an bar su a baya. Turai da Arewacin Amurka sun cika maƙil, ƙasashe masu zafi da suka fi yawan nau'o'in halittu nasu kaɗan ne. Ga kurakurai, wani ya juya lambobin taswira, wani ya bar wurin fanko manhaja ta cike da sifili da sifili sai ka ga bishiya ta faɗa tsakiyar teku a mashigin Gini, shi ya sa mai saukewa dole ya tace kafin ya fara lissafi.

Kuma ba komai ake saki fili ba. Halittun da mafarauta da masu fasa-ƙwauri ke nema ana ɓoye ainihin wurinsu, iNaturalist, manhajar da jama'a ke saka hotunan halittun da suka gani, ma haka take yi, sai ta nuna yanki mai faɗi maimakon takamaiman wuri. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi raba amfani da ƙasashen da aka ɗauko albarkatun gado na halittu daga cikinsu, sannan ƙa'idojin CARE na 2019 sun ce al'ummomin asali suna da ta cewa kan bayanan da suka shafi ƙasarsu da iliminsu.