Yaɗuwar Irin Tsirrai da Koyar da Ita ga Yara

Yaɗuwar iri ita ce yadda ƙwayar tsiro ke barin gindin uwarta ta je wani wuri ta tsira. Ƙwayar da ta faɗi a gindi ba ta cika yin ƙarko ba, domin inuwa na danne ta, saiwar uwar kuma ta riga ta shan ruwa. Iri yana tafiya ta iska, ko ruwa, ko dabbobi da tsuntsaye, ko fashewar kwanso, ko hannun mutum. Ana koyar da wannan a darasin kimiyya na firamare.

A ƙauyukan Kano da Jigawa yaro ya san rabin darasin tun kafin a sa shi makaranta. Wanda ya taɓa zama yana cire ƙarangiya daga wandonsa, ko ya taka tsaida da ƙafa ba takalmi, ya riga ya ɗauki iri ya kai wani wuri. Abin da ya rage wa malami shi ne ya nuna masa dalilin. Shi ya sa fita bayan gari da kaka ya fi zane a allo amfani.

Dabbobi suna yin wannan aiki sosai a karkara. Gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina, yana zubar da 'ya'yansa da rani, shanu da awaki su cinye. Ƙwayar tana da tauri, ba ta narkewa, sai ta fito cikin kashi ɓawonta ya yi laushi, ga taki a shirye. Idan yara suka farfasa busasshen kashin shanu da tsinke za su gan ta, su shuka a gwangwani su riƙa ba ta ruwa. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, tsuntsaye da jemagu ne ke watsa ta, shi ya sa take tsirowa a gindin katanga ba wanda ya shuka. Kauci ya fi ban mamaki: ƙwayarsa mai danƙo ce, tsuntsu ne ke manna ta a reshe, a kansa take kafuwa.

Iska tana ɗaukar irin tumfafiya da na rimi, masu gashi kamar auduga. A fadamun Haɗeja kuwa iska da ruwa duka suna yaɗa kacalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992.

Fashewar kwanso ba baƙuwa ba ce ga ɗan manomin riɗi. Ana yanke riɗi kafin kwanson ya buɗe, a tsayar da dammuna su bushe, in ba haka ba ƙwayar ta zube a gona. Ƙuduji ma ya cancanci a nuna wa yara: tushe guda yana fitar da dubban ƙwayoyi masu kama da ƙura, suna iya shekara goma a ƙasa suna jiran dawa ko gero, don haka ake tuge shi kafin furensa ya zama iri.

Wajibi ne malami ya kula da hannun yara a lokacin fita. Nonon tumfafiya yana cutar da ido, ƙwayar zurma kuma guba ce, ba a kai ta baki.