Ƙorafi Kan Ma'aikacin Lafiya Bayan Majinyaci Ya Kashe Kansa

Shin mutuwar majinyacin ta isa hujjar sakaci?

Ba ta isa ba, kuma na gaji da maimaita wannan. Abin da kwamitin ladabtarwa na hukumar likitoci yake dubawa shi ne ko likitan ya yi abin da ƙwararren takwaransa zai yi da bayanan da ke gabansa a ranar.

Ina ake kai ƙorafin?

Wurin hukumar da ta ba shi lasisi, kamar GMC a Birtaniya ko MDCN a Najeriya; ma'aikatan jinya kuwa tasu hukumar daban ce. Hukuncin yakan kama daga gargaɗi zuwa dakatarwa ko soke lasisi. Mai neman diyya ya nufi kotu.

An sallami majinyacinmu daga asibiti ba a gaya mana, mu danginsa, halin da yake ciki ba. Wannan laifi ne?

A nan dole a bi a hankali, domin amsar ta danganta da dokar ƙasa da kuma abin da majinyacin ya ce. Baligi mai cikakken hankali yana da haƙƙin a rufa masa sirri, ko da daga iyayensa ne, kuma likitan da ya mutunta wannan ba lallai ne ya yi kuskure ba. Sai dai galibin ƙa'idojin aikin sun yarda a faɗa wa dangi idan rai na cikin haɗari na kusa, saboda haka kwamiti zai so ya ga ko likitan ya auna wannan, ko ya nemi izinin majinyacin ya kira wani nasa, ko ya rubuta dalilinsa. A ganina, inda ƙorafi ya fi ƙarfi shi ne idan uwa ta buga waya ta ce ɗanta ya fara rabar da kayansa yana sallama da mutane, amma ba a shigar da maganarta a fayil ba. Rufe sirri ya hana likita faɗa, bai hana shi saurare ba. Duk da haka, kada ku ɗauka wannan zai tabbatar da hukunci, musamman idan an ba shi ranar dawowa nan kusa tare da lambar kiran gaggawa.

Me ya sa aka rubuta cewa haɗarinsa kaɗan ne?

Domin babu ma'aunin da ke hango wannan daidai. Tun 2022 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta ce kada a dogara da irin waɗannan ma'aunai wajen hasashen kashe kai ko yanke shawarar sallama.

Lokaci ya ƙure mana?

Wataƙila bai ƙure ba, ku kwantar da hankalinku. Wa'adin kai ƙorafi ya danganta da ƙasa; a Holand, misali, shekara 10 ne. Amma ku daina jinkiri: ku nemi kwafin fayil ɗin a rubuce, ku kuma rubuta ranakun da kuka yi magana da asibitin tun kuna tune da su.