Masu buƙata ta musamman da hanyoyin ƙafa a karkarar Damagaram

Wannan maƙala ta shafi yadda guragu, makafi, kurame da waɗanda kuturta ta taɓa suke isa ga duwatsu, tafkuna, lambuna da turbobin ƙafa na birnin Zinder da kewayensa. Akasarin turbobin nan manoma, makiyaya da masu zuwa kasuwa ne suka fitar da su da sawunsu, ba don yawon shan iska aka shata su ba. Shi ya sa samun shiga ya fi dogara ga irin ƙasar wurin, lokacin shekara da taimakon mutane, fiye da wani gini da hukuma ta yi.

Yanayin ƙasa

Zinder na zaune a tsakanin manyan duwatsu, musamman a tsohuwar unguwar Birni, inda ake iske gida ya jingina da dutse, lungu kuma ya ƙuntata har keken guragu ba ya iya juyawa. A wajen gari jigawa ce ta fi yawa. Yashi yana riƙe taya, kuma mai tuƙa keke da hannu yakan gaji kafin ya yi nisa. Fako ya fi daɗin bi, sai dai da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa yakan yanka shi ya bar kwazazzabai. Bayan kaka karangiya da tsidau suna bazuwa a kan hanya. Ƙaya na huda taya, amma wanda abin ya fi cutarwa shi ne mai jan jiki da tafin hannu, da mai kuturta wanda ƙafarsa ba ta jin ciwo, don yakan taka ƙaya bai sani ba sai rauni ya ruɓe. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne ya fi dacewa da fita. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40.

Tarihi

Damagaram ta bunƙasa a ƙarni na 19 a matsayin zangon ayarin fatake tsakanin Kano, Borno da Agadas. Ana danganta ganuwar Birni da Sarki Tanimun, wajajen shekarun 1850. Mai fita daji a wancan zamani ta ƙofofin ganuwa yake bi, a ƙasa ko a bisa jaki, doki ko raƙumi. Gurgu da tsoho jaki ne abin hawansu, makaho kuwa sanda da ɗan jagora, wanda sau da yawa yaro ne daga danginsa.

Kamar a sauran biranen ƙasar Hausa, naƙasassu suna da shugabanninsu na gargajiya: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Su ne ke sasanta rikici, su karɓi baƙo ɗan'uwansu, su nema masa masauki da mai yi masa jagora. Ta wannan tsari makaho ke iya tashi daga ƙauye ya bi kasuwannin mako har ya iso birni.

Faransawa sun kama garin a 1899, suka gina barikinsu a kan tudun dutse, kuma Zinder ta zama hedkwatar mulkinsu har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Hanyoyin mota da aka shimfiɗa daga baya sun haɗa manyan garuruwa, turbobin ƙauye kuwa suka ci gaba da zama yadda suke. Unguwar Kara-Kara, wadda aka ware wa masu kuturta a gefen gari, ta nuna irin tunanin da ya daɗe yana aiki: a nisanta mai lalura daga jama'a. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa, ya yaɗu ne a ƴan shekarun baya, galibi tsakanin waɗanda shan inna ta kama suna yara.

Wuraren da ake zuwa

Mirya, mai nisan kusan kilomita 18 gabas da Zinder, ta shahara da lambuna da tukwane. Kwalta na kai mutum cikin gari, amma tsakanin fangalai hanyar siririya ce. Tafkin Gidimuni, wanda aka sa cikin jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a 2019, yana da dabino da fadama, bakinsa kuma da laka da yashi mai zurfi, don haka amalanken jaki ko na shanu ya fi keke amfani a can. Gandun dajin Termit da Tin Tumma, da aka kafa a 2012, sai da mota mai ƙarfi da jagora.

Doka

Nijar ta fitar da doka kan kare naƙasassu a 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, sannan ta yi sabuwar doka a 2019. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci birni da karkara baki ɗaya, sashe na 30 kuma ya haɗa da wuraren shaƙatawa da yawon buɗe ido. Ƙidayar 2012 ta nuna kusan kashi 4 cikin 100 na ƴan ƙasar suna da wata naƙasa. Ana saɓani kan yadda ake aiwatar da dokokin. Inda ake ganin tasirinsu shi ne gangaren siminti a ƙofar wasu makarantu da asibitoci.

Dabaru

A ƙa'idar da aka fi bi a duniya, gangaren keke ba ya wuce tashin mita 1 a cikin tsawon mita 12. A Faransa ana amfani da Joëlette, kujera mai taya ɗaya wadda mutum biyu ke riƙewa gaba da baya a kan hanyar dutse. A yanayin Damagaram abubuwan da suka fi saurin amfani su ne zuba marmara a daddaɓe turba, share ƙaya, faɗaɗa ƙofar shinge, da ajiye wurin zama da randar ruwa a ƙarƙashin inuwar gawo ko darbejiya.