Waken suya mai saurin nuna, zai yi a ƙasar Tahoua kuwa?

Mi ne ne wanga iri TGx 1835-10E da ake ta magana?

Irin waken suya ne da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta hiddo, an ba manoman Najeriya shi a 2008. Abin da ya sa ake son shi, yana nuna cikin wata ukku ko da 'yan kwanaki, kuma ciwon tsatsar ganye bai cika kada shi ba. Akwai wani, TGx 1448-2E, ya hi shi suna amma sai ya kwashe wajen wata huɗu a gona, to ina damanarmu ta Adar ta kai nan?

Kenan in shibka shi a gonar hatsina?

A'a malam, kar ka yi asarar iri. Waken suya na son ruwa wajen milimita 700 a damana, mu kuwa kewayen garin Tahoua abin da ke sauka bai kai haka ba, kuma jigawa ba ta riƙe laima, lokacin da yake hure in ruwa ya ɗauke sati biyu sai ka ga kwanso ba ƙwaya. Inda za ya yi shi ne hwadama, ko wajen Konni da Galmi inda ake ban ruwa, can ana iya taimaka mishi in sama ta yi shiru. 'Yan Gaya kam ba su da wagga damuwa.

Ƙaƙa ake shibka shi?

Layi-layi, tsakanin layi santimita 50 zuwa 75, ƙwaya kusa da juna, zurfi kar ya wuce gaɓar yatsa biyu. Hekta guda tana cin kilo 50 zuwa 70. Amma hwa a kula, irin waken suya saurin mutuwa gare shi da zahi, wanda ya shekara a buhu rabi ba ya tsira. Ɗebi ƙwaya 20 ka zuba a tsohon kwano da ƙasa mai laima, bayan sati ka ƙirga waɗanda suka hito kahin ka biya kuɗin buhu.

Taki hwa?

Bai son takin ure da yawa, saiwarshi na da 'yan ƙulle-ƙulle masu jawo abinci daga iska, tumɓuke guda ka hwasa ƙullin da akaihwa, in cikin ja-ja ne to suna aiki. Takin supa, mai sinadarin fosfat, shi ne nashi. Kuma yana rage ƙuduji ga wanda zai sa dawa bayanshi.

Yaushe ake girbi?

In ganye ya zube, kwanso mafi yawa sun yi ruwan ƙasa, ka girgiza ka ji suna kaɗawa. Yanke da sahe ka bar saiwa a ƙasa, in ka tsaya jiran gama albasa ko wata hidima rana za ta hwashe kwanson ƙwaya ta watse.

Wa zai saya?

Mata masu awara mana, galibin waken da suke niƙawa daga Najeriya yake shigowa, sai masu kiwon kaji.