Waiwaye: Yadda 'Yan Sa-kai Suka Shiga Aikin Tantance Halittun Ƙasan Teku

Muhawarar da ake tafkawa kan haƙar ma'adinai a ƙasan teku, musamman a yankin Clarion-Clipperton na tekun Pasifik, ta taso da wata tambaya: wane ne ke ƙidaya halittun da ke zaune a can, kuma shin ya dace a dogara da abin da 'yan sa-kai suka tantance a hotuna? Wani nazari da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa cikin nau'o'in halittu sama da 5,000 da aka samu a yankin, kusan kashi 90 cikin ɗari ba a raɗa musu suna ba tukuna. Sai dai shigar mutanen gari cikin wannan aiki ba jiya ta fara ba.

Farkon labarin sananne ne. Jirgin Challenger na Ingila ya kewaya duniya daga 1872 zuwa 1876 yana kwaso samfura daga zurfi, sannan a 1977 ƙaramin jirgin nutso Alvin ya kai masana ga maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galapagos. A duk tsawon wannan zamani, abin dubawa ne ya yi ƙaranci.

Inda lamarin ya juya, a ganina, shi ne lokacin da kyamarar dijital ta sauka ƙasan ruwa, kuma ba a cika ambaton wannan ba. Masana a cibiyar nazarin teku ta Woods Hole da ke Amurka, tare da masunta, sun ƙera wata na'ura mai suna HabCam da jirgi ke ja 'yan mitoci kaɗan sama da ƙasan teku, domin ƙidayar sikalof, wata halitta mai ɓawo biyu da masuntan arewa maso gabashin ƙasar ke samun kuɗi sosai da ita. Na'urar tana ɗaukar hoto shida a kowace daƙiƙa, wato sama da rabin miliyan idan ta yi aiki yini da kwana. Masanin da zai ba kowane hoto minti ɗaya, ko da bai runtsa ba, sai ya shafe kusan shekara guda kafin ya gama aikin rana ɗaya. Sayen kyamara abu ne na ɗan lokaci, amma horar da wanda zai bambanta nau'i da nau'i yana cin shekaru, kuma wannan giɓi ne ya yi ta faɗaɗa shiru.

Mafita ta zo daga masu nazarin taurari, waɗanda a 2007 suka buɗe wa jama'a Galaxy Zoo, wani shafin intanet da 'yan sa-kai ke taya masana rarraba hotunan gungun taurari. A 2012 dandalin Zooniverse, mai tattara irin waɗannan ayyukan sa-kai a intanet, ya ƙaddamar da shirin Seafloor Explorer da hotunan HabCam, inda mai sa-kai zai nuna yashi ne ko tsakuwa, ya kuma yi alama kan kifi ko tauraron teku (wata halittar ruwa mai siffar tauraro), ana kwatanta amsoshin mutane da dama kan hoto guda. Daga baya rumbun hotunan halittun teku na FathomNet na 2022 da wasan wayar salula na FathomVerse na 2024 suka karkata wannan ƙoƙari zuwa koya wa kwamfuta gane halittun a hoto.

Mai sa-kai yana iya cewa wannan tauraron teku ne, kuma sau da yawa ya yi daidai. Amma tabbatar da cewa sabon nau'i ne yana buƙatar samfuri a hannu da ƙwararren da zai duba shi, kuma irin waɗannan ƙwararru har yanzu ƙalilan ne.